Sunan da Nemesio Ya Karanta

Shekara talatin da biyu na yi ina naɗa taba a ƙarƙashin muryar Nemesio Arrebola. Teburina yana layi na biyu, dab da dakalin katakon da yake hawa, don haka ni ce ke fara jin gyaran muryarsa, ni ce kuma ke fara ganin ƙasan takalminsa idan ya huje. A gidajen taba na ƙasarmu Kuba hannu ne ke wahala, kunne yana zaman banza, shi ya sa tun zamanin kakanni ake ɗaukar mutum guda ya riƙa yi wa ma'aikata karatu. Da safe jarida, bayan abincin rana littafin labari. In karatu ya yi daɗi sai mu ɗauki wuƙaƙen da muke yanka ganye da su mu yi ta bugun tebur, mu ɗari da wani abu, har rufin kwano ya amsa.

Nemesio dogo ne, siriri, mai ƙaton maƙogwaro. Ba shi da wani kyau, amma in ya buɗe baki sai ka manta da fuskar. Malam muke ce masa, ko da yake karatunsa na makaranta bai yi nisa ba. Su biyu ne wurin uwarsu, Inna Tomasa, wadda take wanki da guga a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa. Ubansu ya rasu Nemesio yana da shekara goma sha huɗu, ƙanensa Rogelio yana da shida, sai ya zama shi ne uba a gidan. Shi ya kai Rogelio makaranta, shi ya koya masa aske gemu, shi kuma ya roƙa masa aiki a wurinmu.

Lokacin da na shiga aiki ina da shekara goma sha tara, Rogelio ne gwanin ɗakin. Yatsunsa kamar ba ƙashi a ciki. Kafin in gama naɗa guda ɗaya ya gama uku, kowace kamar an auna ta da ma'auni. Ga shi da tsokana. In yayansa yana karanta wurin baƙin ciki a littafi sai ya ɗauko ganyen taba ya yi kamar yana share hawaye da shi, mu yi ta ƙunshe dariya. Nemesio ya kan harare shi daga sama, amma kowa ya ga irin son da ke cikin hararar.

A shekarar 1980 aka buɗe tashar ruwa ta Mariel, aka ce duk mai son barin ƙasa ya tafi. Rogelio ya je ya rubuta sunansa. Ba siyasa ce ta dame shi ba, ya dai gaji ne. Ya ce yana so ya ga ko akwai wata rayuwa bayan wannan tebur. A lokacin kuwa wanda ya ce zai tafi ya zama abin ƙyama. Wata safiyar Laraba aka hau da takarda aka miƙa wa Nemesio. Ya tsayar da jarida, ya ce ga sunayen ma'aikatan da suka ci amanar ƙasa. Ya karanta sunaye huɗu. Ya gyara murya, sannan ya ce, "Rogelio Arrebola."

Rogelio yana zaune a teburinsa a lokacin. Ya ajiye wuƙarsa, ya cire ƙyallen aiki, ya fita bai dubi kowa ba. Bayan azahar aka fito da mu titi, muka bi gidajen mutanen nan biyar ɗaya bayan ɗaya, ana zagi ana jifa da ƙwai. Ni ma na je. Ban yi jifa ba, amma na yi ihun da kowa ke yi. A ƙofar gidan Inna Tomasa abin ya ɓaci, wasu samari da ba ma na wurinmu ba suka kama Rogelio suka doke shi, wani ya taka masa hannun dama, yatsu biyu suka karye. Bayan kwana tara ya shiga jirgin ruwa da hannu a ɗaure.

Kowa ya ce Nemesio ba shi da laifi, takarda aka ba shi, aikinsa karatu. Wasu ma yabonsa suka yi, wai ya fifita ƙasa a kan jini. Inna Tomasa ba ta taɓa yi masa maganar ba. Ta ci gaba da wanke masa riguna har ranar da hannunta ya daina iya matse kaya. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, ba ta sake ganin ƙaramin ɗanta ba.

Shekara biyu na farko Nemesio ya lalace. Ya kama giyar rake, ya kan hau dakali da jajayen idanu, yana tsallake layi a jarida bai sani ba. Matarsa Migdalia, wadda take ɗinki a gida, ta zo har ƙofar ma'aikata sau biyu tana janye shi. Muka ce shi ke nan, Malam ya ƙare. Sai wata rana ya zo da aski sabo da wankakkiyar riga, da ɗan littafin rubutu a aljihu. Kafin ya buɗe jarida ya ce yana roƙon minti biyar, akwai wani tunani da ya yi a hanya. Daga ranar bai sake shan giya ba, minti biyar ɗin nan kuma suka zauna daram, kullum safiya, kusan shekara talatin.

Ba wa'azi yake yi ba, ba kuma maganar manya ba. Ƙananan abubuwa ne. Ya ce in ka yi faɗa da matarka kada ka ci abinci a waje ranar, ka koma gida ka zauna ka ci nata ko ba za ku yi magana ba. Ya ce duk shekara mutum ya koyi abu ɗaya da bai iya ba, don kada ya manta yadda kunyar rashin sani take. Wata rana ya yi minti biyar ɗin duka a kan yadda ake sauraron tsoho yana ba da labarin da ya riga ya ba ka sau goma. Ya fi yawan komawa kan yafiya. Ya kan ce mutum yana iya canzawa, ya gani da idonsa, kuma wanda ya canza ya cancanci a sake dubansa.

Akwai wani tsoho a layin baya, Casimiro, wanda haƙori uku suka rage masa, ba ya raga wa kowa. Da Nemesio ya zaro littafin sai ya ɗaga murya ya ce, "To Malam, yau wace nasiha aka dafa mana? A sa gishiri don Allah, ta jiya lami ce." Nemesio ya ce, "Kai da ba haƙori, ai kunu na dama maka." Haka suke yi kullum. Amma ranar da ɗan Casimiro ya shiga kurkuku, Nemesio ne ya riƙa raka shi ziyara duk wata har yaron ya fito.

Ba baki kawai ba ne, wannan zan shaida ko a gaban wa. A shekarun yunwa, lokacin da motoci suka tsaya, shaguna suka zama wayam, muna shan ruwan sukari a maimakon karin kumallo, Nemesio ya kan hau keke ya tafi ƙauye ya samo rogo da ayaba, ya raba wa masu jarirai. Ma'aurata nawa ya sasanta ban san adadi ba. Ni kaina na yi shekara shida ba na magana da yayata saboda ɗakin da uwarmu ta bari. Bai ce min komai a kai ba sai sau ɗaya. Ya tsaya a teburina ya ce, "Onelia, yayarki tana asibiti, gado na sha biyu. Ban ce ki je ba, na dai gaya miki lambar gadon." Na je. Da ban je ba da ta mutu muna gaba.

Migdalia ce kaɗai ba ta cika yabonsa ba. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a gidan bayan rasuwar Inna Tomasa. Ta taɓa ce min mu ne muke cin Nemesio da zafinsa, ita sai ɓawon tukunya take samu. In ya dawo gida ba ya magana, sai ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta rubutu. Amma in wani ya kuskura ya tayar da zancen Rogelio a gabanta, ita ce ke fara tashi. Ta ce mijinta tilasta masa aka yi, duk wanda bai taɓa riƙe irin takardar nan ba ya rufe bakinsa.

Duk shekara, in watan haihuwar Rogelio ya kama, Nemesio ya kan rubuta wasiƙa ya nemi mai tafiya birnin Miami, can ƙetare inda Rogelio ya zauna, ya ba shi. Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Ta bakin matafiya muka ji cewa hannun bai koma daidai ba, Rogelio bai sake naɗa taba ba. Ya yi wankin kwanuka, ya yi gadi, daga baya ya samu aikin tuƙa motar kaya, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu.

Shekara talatin cif da tafiyarsa sai ga saƙo ta hannun wata 'yar ƙanwar uwarsu, Rogelio zai zo ya ga kabarin Inna Tomasa, kwana huɗu zai yi. Nemesio ya zama kamar yaro ana gobe biki. Ya shafe gida da farar ƙasa, ya gyara kujerar da uwarsu ke zama, ya yi ta tambayarmu ko rigar nan ta fi ko waccan. Mu tsofaffin ma'aikata kowa ya kawo abin da yake da shi, aka samu ƙafar alade, da shinkafa da baƙin wake, da rogo da tafarnuwa. Ranar Juma'a a minti biyar ɗinsa ya ce mana haƙuri yana da ranarsa, kada kowa ya gaji da jira. Har Casimiro bai yi tsokana ba ranar.

Rogelio ya iso ranar Lahadi da hantsi a motar haya. Ya yi ƙiba, kansa ya yi fari fat, ya sa farar hula. Ya rungume yayansa a ƙofa kamar yadda ake rungumar maƙwabci a wurin biki. Ya zo wa kowa da tsaraba. Nemesio ya samu takalmi da tabarau, Migdalia ta samu almakashi da zare kala-kala. Ni ya miƙo min kwalbar turare, ya ce ya tuna ni, yarinyar da ke ɓata ganye. Na karɓa na yi godiya, idona yana kan yatsun nan biyu da suka lanƙwashe. Ban ce masa ina cikin taron ranar da aka karya su ba. Ban sani ba ko ya sani.

Aka ci abinci a tsakar gida ƙarƙashin mangwaro. Rogelio ya ci sosai, ya yi raha. Ya ce wa Casimiro ya zata tuni an binne shi, Casimiro ya ce an gwada, ƙasa ta ce ba ta cin abu mai ɗaci. Aka yi dariya. Nemesio bai iya cin komai ba, sai zuba wa ƙanensa yake yi.

Da aka koma shan gahawa, ni da Migdalia muna wanke kwanuka a ɗakin girki, sai muka ji su biyun sun zo sun tsaya a bayan taga, wurin tankin ruwa. Ba su san muna ji ba, ko kuma ba su damu ba. Nemesio ya tambaye shi ko wasiƙunsa suna isa.

"Suna isa, Yaya. Na karanta uku na farko."

"Uku kawai?"

"Layi ɗaya nake nema. Da ban gan shi a uku ba sai na san ba zai zo ba."

Nemesio ya fara magana da muryar nan tasa, ya ce zamani ne ya zo da haka, an sa shi a tsakiya, ya yi nadama, ya yi shekara talatin yana ƙoƙarin zama wani mutum daban. Rogelio ya bar shi har ya kai aya. Sannan ya ce, a hankali, ba faɗa:

"Sunana ba ya cikin takardar. Sunaye huɗu ne. Manaja ya cire nawa don ya raga maka, shi da kansa ya zo ya gaya min kafin in tafi. Kai ka ƙara ni."

Migdalia ta tsaya da faranti a hannu, ruwa yana zuba a kai. Can sai Nemesio ya ce tsoro ya ji. Ya ce kowa a ɗakin ya san ƙanensa zai tafi, in ya tsallake sunan za a ce bakinsu ɗaya, za a sauke shi daga dakali, shi kuwa ba abin da ya iya sai karatu. Rogelio ya ce ya sani, tun a jirgi ya gane haka. Nemesio ya roƙe shi ya yafe masa.

"Ba na riƙe da kai, Yaya. Na daɗe da ajiye ka. 'Ya'yana sun ɗauka ni kaɗai uwata ta haifa, kuma ban ga abin da zai sa in rikita su yanzu ba. Ka sa takalmin, mai kyau ne."

Rogelio ya dawo tsakar gida ya ƙarasa gahawarsa, ya yi sallama da kowa hannu da hannu. Washegari ya je maƙabarta shi kaɗai. Bai sake takowa gidan ba har ya koma.

Ranar Litinin Nemesio ya hau dakali bai zaro littafinsa ba. Ya faɗi komai, tun daga takarda mai suna huɗu har zuwa bayan tankin ruwa. Ina tsammanin ya shirya wa zagi, wataƙila ma yana so a zage shi. Amma ɗakin ya canza. Mu da muka ga 1980 ba mu fi mutum bakwai ba. Sauran yara ne da aka haifa bayan abin, wasunsu ma abin jin waƙa ne toshe a kunnuwansu. Suka saurara kamar yadda suke sauraron labarin girbin rake a jarida. Da ya gama sai wata yarinya daga tsakiya ta tambaya ko yau za a ci gaba da littafin, don an tsaya a wurin da matar za ta gudu. Ya ce za a ci gaba. Bayan abincin rana ya ci gaba.

Casimiro ne kaɗai ya je wurinsa da aka tashi. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga ya dafa kafaɗarsa, suka fita tare.

Migdalia ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce min ba abin da ya yi wa Rogelio ne ya fi ƙona mata rai ba, don ta san tsoro, ita ma ta yi zamanin. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne shekara talatin tana ɓatawa da mutane saboda shi, yana zaune yana jinta, bai taɓa ce mata ta bari ba. Bayan wata guda ta ce za ta je wurin ƙanwarta a garin Consolación ta yi sati biyu. Ta tafi da keken ɗinkinta. Wanda zai yi sati biyu ba ya ɗaukar keke, kowa ya gane.

Nemesio ya ƙara shekara ɗaya yana karatu, jarida da littafi kawai, sannan ya ajiye aiki. Ni ma ban daɗe ba na bi shi, idona ya fara ba ni wahala. Na kan kai masa miya ranar Asabar. Gidan ya fara wari irin na namiji shi kaɗai. Mutane ba su daina zuwa neman shawara ba da farko, amma sai ya ce musu ba ya jin daɗi, su dawo wani lokaci, har suka gaji.

Wata Asabar ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko duk abin da ya yi a shekarun nan yana da wani amfani. Ya ce shi dai ya ɗauka yana gyara kansa ne, ashe rufi yake ta yi wa gida yana gudun duba ginshiƙi. Na ce masa yayata ta mutu hannunta a cikin nawa, kuma shi ne sanadi. Na lissafa masa mutane, na faɗi yaran da suka rayu da rogonsa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce ya gode. Na ga maganata ba ta shiga ko'ina ba. Gaskiya ni ma da na fito ban tabbata ba. Na san alherinsa gaskiya ne don na ci shi. Na kuma san duk wannan alheri bai miƙar da yatsa ko ɗaya ba, kuma da Rogelio bai zo ba, da har kabari zai tafi da maganar a cikinsa muna buga masa tebur. Har yau in na auna biyun ba sa zama wuri ɗaya a kaina.

Ya rasu shekara uku bayan zuwan Rogelio, a watan Satumba. Maƙwabciyarsa ce ta same shi da rana a kujerar bakin ƙofa. Likita ya ce zuciya ce. An kira Miami aka faɗa, wata mace ta ɗauka ta ce za ta isar da saƙo.

Jana'izar ta tara mutane fiye da yadda na zata, har da waɗanda ban san ya taɓa taimaka musu ba. Migdalia ta zo a motar safe, ta rame, ta zauna kusa da akwatin ba ta yi kuka ba. Da aka dawo daga maƙabarta ta shiga ɗakin girki ta tsaya tana duban tukwane. Ta tambaye ni ko yana cin abinci. Na ce kaɗan-kaɗan. Ta ce ta sani, har ya tsufa bai iya dafa shinkafa ba. Sai ta ce in duba ko akwai sauran gahawa a gwangwani, mutane suna jira a waje.